Miyar Kwalba a Wutar Papa

Ku matso kusa, 'yan uwa. Abin da zan ba ku yau da hannuna na jawo shi, kuma ina roƙon kada wanda ya yi min dariya sai na kai ƙarshe. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Onalenna, a gida Ona, 'yar fari a gidan Rra Seleka a nan Mahikeng. A kantin magani nake aiki. Shekaruna ashirin da takwas, kuma a wajen Rakgadi Dikeledi, ƙanwar babana, na riga na yi kwantai.

Ba wai na rasa masoyi ba ne. Ina da Otsile, malamin lissafi a sakandare, dogo, mai tabarau, mai sanyin magana kamar kullum yana lallashin wani. Kawunnansa a shirye suke su zo maganar magadi, shanun aurena, amma a gidanmu ba mai taka ƙofa da wannan magana sai Papa ya ce a zo. Shi kuwa Papa ba ya auna namiji a falo, a bakin wuta yake auna shi.

Wutar Papa tana bayan gida, ƙarƙashin bishiyar lemun tsami. Rabin duro ne a kan ƙafafun ƙarfe, da ragar gashi da ya ƙera da kansa tun yana aikin jirgin ƙasa, sai awartakinsa mai dogon hannu da yake ratayewa a ƙusa. Wannan awartakin ba a taɓa shi. Malome Pule, ƙanin Mama, tun ina goye yake tsayawa a gefen wutar nan yana ba da shawarar da ba mai ɗauka. Sau ɗaya tak ya juya wors, naman nan da ake ɗurawa a hanji, lokacin da Papa ya zagaya bayi, har yau in an taru sai an tayar da maganar. Aƙidar Papa a kan nama kuwa gajeriya ce: gishiri, ɗan barkono, garwashi. Duk abin da ya wuce haka, a cewarsa, wani ne yake son ya ɓoye laifin namansa.

Ana saura 'yan kwanaki hutun ranar al'adu, muna cin abinci, Papa ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ki ce wa malamin nan naki ya zo gashin braai. Ya taho da namansa."

Cokalina ya kusa faɗuwa. Kun san yadda ake yi, baƙo ya kawo nama, maigida ya gasa. To a gidanmu daga naman da ka kawo Papa yake karanta ka, ko kai marowaci ne, ko ɗan ƙarya, ko wanda mahauci zai iya cuta da rana tsaka.

Kafin gari ya waye labari ya kai wa Rakgadi. Ta kira ni ina tsakiyar ba wata tsohuwa maganin hawan jini.

"Na ji an gayyato malam. Ke Ona, yaron da ya tashi a bene hawa na biyar a Pretoria, ina ya ga wuta? Ga Mogomotsi nan, ubansa mai mahauta guda, shi kansa a cikin nama aka haife shi. Kin tsaya wajen mai alli."

"Rakgadi, ina wurin aiki."

"Aiki ba ya ba da jikoki. Sai mun zo."

Haushi ya cika ni, amma can ƙasan haushin tsoro ne, don gaskiya ta faɗa. Otsile a hannun mamarsa ya tashi, a kan murhun lantarki. In dai tukunya ce, zai dafa maka abin da za ka lashe kwano. Amma itace? Ban taɓa ganin ya kunna ko ashana ba.

Ana gobe taron ya biyo ta wurin aikina da naman a roba mai murfi, ya ce in sa a firij ɗin gidanmu don nasa ƙarami ne. Haƙarƙarin rago ne, an yanka shi daidai wa daida, ja wur, da ɗan kitse a baki. Ya ce sai da ya je mahauta uku kafin ya zaɓa. Bayan ya tafi na buɗe robar, na yi ta kallon naman. Kyakkyawa ne, amma nama ne kawai. Ni kuma so nake in Papa ya sa a baki ya ajiye komai ya ce, wane ne ya kawo wannan?

Da wannan tunanin na shiga babban kanti bayan an tashi aiki, Mama ta aike ni kabeji da wake na gwangwani. Ina shiga na yi kiciɓis da su. An jera kwalabe an yi dala da su har sun fi ni tsawo, miyar gashin nama ce, baƙa-baƙa, mai kauri, a sama an rataya jan kwali: sayi ɗaya, ɗauki ɗaya kyauta. A gefe wata mata da hular leda tana soya 'yan gutsattsarin nama a kaskon lantarki, tana tsoma su a miyar tana miƙa wa masu wucewa a tsinke.

"Ausi, 'yar uwa, ɗanɗana mana. Yau kaɗai ne ragin."

Na ɗanɗana. 'Yan uwa, zaƙi, tsami, ɗan yaji, da wani ƙamshin hayaƙi kamar an riga an gasa. Na lumshe ido, na hango Papa yana gyaɗa kai, na hango Rakgadi ta rasa bakin magana. Ni kuma 'yar Mama ce, a jininmu abin yake, ba ma iya wuce ragi. Akwai man goge takalmi a gidanmu da zai ishe mu har jikoki saboda wata rana an karya farashinsa. Na sa kwalba biyu a kwando ina jin kamar na ci gasa.

Na tarar da gida ba kowa, Papa yana taron ƙungiyarsu ta jana'iza, Mama tana koyon waƙa a coci. Na juye kwalba ɗaya a kan naman. Na kalli ta biyun, na ce ai kyauta ce, ba a barin kyauta ta lalace, na juye ita ma. Na cuɗa da hannu har kowane yanki ya nutse, na rufe, na tura can ƙuryar firij bayan tukunyar madara. Kwalaben kuma na cusa su ƙasan shara. Sannan na ɗauki waya na tura wa Otsile saƙo.

"Kwantar da hankalinka, na gyara maka naman."

Amsa ta zo nan take. "Ona. Me kika yi?"

"Abin mamaki ne. Gobe za ka gode min."

"Don Allah me kika yi?"

Na tura masa hoton zuciya guda uku, na kashe waya, na kwanta ina murmushi.

Washegari gida ya cika tun hantsi. Ni na sa rigata ta atamfar leteisi shuɗiya mai faɗin ƙasa, da ɗankwali irinta, da fararen takalman da nake ɓoyo. Mama da matan dangi suna kicin, ana tuƙa pap, tuwon masara, a babbar tukunya, miyar chakalaka tana tafasa, rediyo yana ta kiɗa. Rakgadi ta iso da bargonta mai gida-gida a kafaɗa duk da zafin rana, ta zaɓi kujerar da za ta riƙa ganin ƙofar gida da wuta lokaci ɗaya, ta zauna kamar alƙaliya.

Otsile ya shigo da farar riga mai aikin leteisi a wuya, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya rusuna ya gaida Papa da hannu biyu, ya gaida Malome, ya ba Mama tukunyar fure, ya zo gaban Rakgadi ya durƙusa sosai. Ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne malamin? Ana biyanku kuwa?"

"Ana ƙoƙari, Mma."

"Hmm."

Ya wuce wajen maza. Da ya zo gifta ni ya yi ƙasa da murya, "Ona, har yanzu ba ki gaya min ba." Na kashe masa ido ɗaya kawai.

Itacen ya ci ya zama garwashi. Papa ya miƙa tafin hannunsa a kan raga yana jin zafin, ya gasa wors ɗinsa da kajinsa cikin natsuwa, maza sun kewaye shi da kwalabe a hannu ana gardamar ƙwallo. Da ya kwashe, ya ce, "Ona, kawo naman baƙo."

Na ɗauko robar da hannu biyu ina tafe ina rangaji, na ajiye a tebur. Papa ya buɗe murfin. Ya tsaya. Ya sunkuya ya shinshina. Na ga idon Otsile ya fito ta bayan tabarau, ya kalli naman da ya sha wahalar zaɓa yana iyo a cikin baƙar miya, ya kalle ni. Papa ya goge hannunsa da tsumma a hankali, sai kawai ya juya awartakin, ya miƙa wa Otsile ta wajen mariƙi.

"Namanka ne. Gasa abinka."

Gardamar ƙwallo ta mutu. Malome Pule ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wata ƙanwar Mama da ke leƙe ta taga ta rangaɗa guɗa, nan da nan kicin ya ɗauka, mata suka fito da muciya a hannu suna rawa. Mama ta rungume ni tana cewa, "Ya ba shi! Rra-Ona, babanki, ya ba shi awartaki!" Ni kuwa hawaye ne suka cika min ido, na ce a raina, kai, miyar nan tun ba a ci ba ta fara aiki.

Malome ne kaɗai ya ce, "Ni shekara nawa ina tsaye a nan?" Ba wanda ya kula shi.

Otsile ya karɓi awartakin kamar an ba shi jariri. Ya fara jera naman a kan raga, miyar tana ɗiga. Da farko ƙamshi ya tashi mai daɗi, har na waiga na kalli Rakgadi don ta shaida. Ban gama juyowa ba na ji fuu! Wuta ta tashi daga ƙasa ta lashi naman. Abin da ban sani ba, kuma duk namijin da ke wurin ya sani, shi ne miyar nan rabinta sukari ce. A kasko lafiya lau take. A kan garwashi kuwa, in za a sa ta, sai nama ya gama gasuwa ake ɗan shafa masa a sauke. Ni na jiƙa shi a cikinta ya kwana.

Kafin ka ce me, naman ya yi baƙi ƙirin. Otsile ya kai awartaki zai juya, nama ya manne da raga ya ƙi tashi. Ya ja, rabi ya biyo shi, rabi ya zauna. Hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, mai ɗaci, irin na alewar da ta ƙone. Tabaransa suka yi hazo, farar rigar ta sha ɗigo. Maza kuwa kowa ya zama malami.

"Ɗaga ragar!"

"A'a, yayyafa ruwa!"

"Wane irin ruwa, so kake toka ta tashi? Matsar da shi gefe!"

Papa ya koma kujerarsa ya harɗe ƙafa yana ɓare lemo. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Ni dai ina tsaye da faranti a hannu. Abin da na gani a fuskar Otsile shi ya fi ƙona ni, bai yi fushi ba, ƙoƙari kawai yake ta yi, yana ceton abin da ba zai cetu ba, gumi yana bin wuyansa.

Da ƙyar ya kwashe. Abin da ya tara a tire, waje gawayi, ciki ɗanye. Ragar Papa kuwa ta yi dumu-dumu da baƙin danƙo. Wuri ya yi tsit, rediyon kicin kaɗai ke magana.

Rakgadi ta gyara bargonta. "To. Mun ga lissafi."

Papa ya taso, ya zagaya ragarsa yana dubawa kamar mai duba mota bayan haɗari. Sannan ya dubi Otsile.

"Malam, naman nan da ka saya mai kyau ne. Na gani ta ƙarƙashin wannan ƙazantar. Wa ya zuba masa miyar kwalba?"

Na sunkuyar da kai. Otsile bai ko kalli inda nake ba.

"Ni ne, Rra. Kuskurena ne, a yi haƙuri. Zan wanke ragar."

"Kai ne."

"Ni ne, Rra."

"Kai ka saya da kanka?"

"E, Rra."

"Murfin kwalbar wane launi ne?"

Wayyo Otsile. Mutumin da ke koya wa yara lissafi, ya tsaya yana ƙifta ido. "Ja ne, Rra."

"Baƙi ne," in ji Papa. "Guda biyu ne, suna ƙasan sharata, ƙarƙashin ɓawon dankali. Ni nake fitar da shara a gidan nan."

Wani ya tuntsire da dariya ya maida ita tari. Papa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku kuma masu guɗa, na ba shi awartaki ne don ba zan ɗora wannan abin a wutata da hannuna ba, gobe a ce Seleka ya ƙona rago. Malam, ƙona nama ba komai ba ne, kowa da haka ya fara. Amma ka tsaya a bakin wutata, ka kalli idona, ka yi min ƙarya."

Nan ne na ji komai yana zamewa daga hannuna. Na san Papa, ya fi yafe sata a kan ƙarya. Na ajiye farantin, na shiga tsakaninsu, ban ma san na fara kuka ba.

"Papa, ni ce! Bai san komai ba, na rantse, jiya ma sai tambayata yake me na yi. An yi ragi ne, sayi ɗaya a ba ka ɗaya, na ɗanɗana na ji daɗi, na ce in ka ci za ka so shi. So nake ka so shi, Papa, shi ke nan."

"An yi ragi?" in ji Mama daga baya. "A wane kanti?"

"Mma-Ona!" Papa ya daka mata tsawa, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Rakgadi ta miƙe, ta ga dama ta samu. "Abuti, yayana, ka dai gani da idonka. Ba a yi aure ba an fara haɗa baki ana yi maka ƙarya. Da Mogomotsi ne..."

"Dikeledi, zauna."

Ta zauna. Papa ya ciro 'yar wuƙarsa daga aljihu, ya ɗauki yanki ɗaya daga tiren, ya kankare baƙin, ya yanko ta inda ya ɗan nuna, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Duk muna kallon muƙamuƙinsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya kora da lemo.

"Malam."

"Rra."

"Ka taɓa cin girkin yarinyar nan?"

Otsile ya saci kallona. "Na ci, Rra."

"Wannan karon gaskiya nake so. Yaya yake?"

Na yi masa ido, na yi masa baki, har na taka masa ƙafa. Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga.

"Rra, tana ƙoƙari."

"Ban tambaye ka ƙoƙari ba."

"Akwai ranar da ta yi min shinkafa, sai da muka jiƙa tukunyar ta kwana biyu."

Bayan gida ya ɓarke da dariya, har Mama, uwar da ta haife ni, ta riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da fararen takalmana.

"Ka cinye?" in ji Papa.

"Na cinye, Rra."

"Kuma ka dawo?"

"Na dawo, Rra. Kullum zan dawo."

Ya faɗe ta a hankali, ba don jama'a ba, kuma kunyar da nake ji ta narke ta koma wani abu mai ɗumi a ƙirjina. Papa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓi awartakin daga hannunsa, ya goge shi tsaf, ya maida shi ƙusarsa. Ya juya wajen Malome Pule, wanda shi ne zai zauna a madadinmu ranar maganar aure.

"Pule."

"Na'am."

"Ka sa musu rana, kawunnansa su zo. In an zauna kuma, a rage musu saniya ɗaya. Yaron nan zai sha wahala."

Guɗar da ta tashi wannan karon har karnukan unguwa sai da suka amsa. Rakgadi tana ihu ba a taɓa rage saniya a kan 'yar gidan Seleka ba, Malome yana bubbuga bayan Otsile, ni kuma ina tsaye ina kuka ina dariya, na rasa ko murna zan yi ko in kai ƙara. Papa ya miƙa wa Otsile burushin ƙarfe, ya nuna masa raga da baki.

Yana durƙushe yana gurza, na lallaɓa na tsuguna kusa da shi da ruwan zafi a buta.

"Ka tona min asiri a gaban dangina," na ce.

"Ke kika kashe min rago." Ya yi murmushi, sai kuma ya daina gurzar. "Ona, akwai wata magana. Ɗazu mamata ta kira, na kasa gaya miki. Ta ce kafin kawunnaina su taka ko'ina, za ta zo Mahikeng da kanta ranar Lahadi."

"To ai lafiya lau, sai mu tarbe ta."

"Ta ce kada kowa ya shiga kicin. Girkinki take so ta ci."